Kama da wane ba ta wane: Kwana uku cikin ciyayin Gezawa

Yau labarin wata 'yar tafiya na kawo muku, wadda na yi zuwa ƙasar Gezawa a ƙarshen watan Satumba. Ba biki ya kai ni ba, ba kuma cin kasuwa ba. Ciyawa na je nema.

Ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin tsirrai. Malaminmu ya ba mu aiki, ya ce kowa ya tattaro ciyawa iri 15, ya busar da su a tsakanin tsofaffin jaridu, ya manna a farar takarda, sannan ya rubuta sunan kowace da Hausa da kuma sunanta na kimiyya. Da na ji haka sai na yi dariya a zuci, na ce wannan ai aikin yini guda ne. Na zagaya bayan ɗakin kwananmu na tsinko abin da nake ganin iri takwas ne. Na kai wa wani ɗan aji huɗu ya duba mini. Ya jujjuya su, ya ce, "Iri uku ka kawo. Wasu sun girma ne kawai, wasu ba su girma ba."

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ita ma dariyar ta yi. 'Yar ƙasar Gezawa ce, a can ta tashi. Ta ce, "Tafi wajen kawunka. Ko autansa ya ishe ka malami."

Ƙasar da babu daji

Na hau mota a Yankaba, muka miƙi titin Haɗeja. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Da farko gidaje ne da masana'antu da gidajen mai. Daga nan sai fuloti-fuloti da aka kewaye da bulo a tsakiyar gonaki. Sai kuma gonakin kansu, dawa ta yi kai, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa, an fara kwantar da gero. Ko'ina ka duba akwai itatuwa, ɗorawa da tsamiya da kuka da darbejiya, da gawo wanda ya kaɗe ganyensa tun farkon damina. Amma abu ɗaya ne ba za ka gani ba, wato daji. Kowace bishiya da mai ita, kowane taku na ƙasa gonar wani ce.

Ga dalili. Faɗin Ƙaramar Hukumar Gezawa murabba'in kilomita 340 ne, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutum 282,069 ne a cikinta. In kun raba za ku ga sama da mutum 800 ke zaune a kowane murabba'in kilomita guda, tun a wancan lokaci ke nan. Wannan cunkoso na ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya daɗe yana jawo hankalin masana. Marigayi Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman nan ke noma gona guda kowace shekara ba tare da ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Ƙauyen Tumbau na cikin wuraren da shi da abokan aikinsa suka yi bincike a shekarun 1990.

Amsar tana turken dabbobi. Da damina ba a sakin tumaki da awaki, don babu makiyaya, sai gonaki. A gida ake ɗaure su, a yanko musu ciyawa. Su ci, su yi kashi, a tara takin, da rani a ɗora wa jaki ko amalanke a mayar gona. Ke nan ciyawar da ɗan birni ke ganin datti ce, a nan abincin rago ce, kuma takin baɗi ce. To tunda babu daji, a ina take fitowa? A tsakanin kunyoyi, a kan iyakar gona, a bakin hanya, a burtali, a gefen kududdufi, a filin makaranta, sai kuma maƙabarta.

Na isa da la'asar. Kakata na ganina ta fara tsokana irin ta kaka da jika: "Lale da maigidan! Wato duk karatun naka ciyawa ake koya maka? Ai da ka zo na koya maka kyauta, ka ba ni kuɗin makarantar na sayi goro."

Rana ta farko: masu yatsu

Da sassafe na bi Auta yankan ciyawa. Shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma shi ke da alhakin ciyar da raguna biyu da akuya uku kafin ya tafi makaranta. Yana riƙe da lauje da buhu, ni kuma ina riƙe da littafi da biro da ɗan gilashin ƙara girman abu.

Tun a bakin hanya na ga wata ciyawa mai kai kamar yatsun hannu, na tsinka na sa a jaka. Can gaba na ga wata mai yatsu, na wuce.

Auta ya ce, "Yaya, ba ka ɗauki wannan ba."

Na ce, "Ai na ɗauke ta ɗazu."

Ya ce, "Waccan tuji ce. Wannan harƙiya."

Kafin mu kai gona ya nuna mini masu yatsu har iri huɗu. Na zauna a kan kunya na jera su a cinyata, sai a lokacin idona ya buɗe.

Harƙiya yatsunta sirara ne kamar zare, dogaye, masu laushi. Karanta yakan kwanta a ƙasa ya fitar da saiwa a gaɓoɓinsa kafin ya ɗago kai. Dabbobi na sonta ƙwarai, doki ma haka. Sunan zuriyarta a kimiyya Digitaria, daga kalmar Latin mai nufin yatsa. Acca da iburu da ake nomawa a wasu sassan Arewa 'yan wannan zuriya ne.

Tuji kuwa a dunƙule take fitowa, ba ta yaɗo. Karanta a baje yake kamar an danne shi, gindinsa fari-fari. Yatsunta sun fi na harƙiya kauri, kuma sau da yawa za ka ga yatsa ɗaya ya fito a ƙasa da sauran, shi kaɗai. Tana son wurin da ake takawa. Auta ya ce in gwada tuge ta. Na ja da hannu ɗaya, ta ƙi. Na sa hannu biyu, ganyen ya tsinke ya bar gindin a ƙasa. Sunanta Eleusine indica, kuma 'yar uwar tamba ce ta kusa.

Guɗe-guɗe yatsunta gajeru ne masu kauri, a buɗe kamar sawun tsuntsu a kan yashi. Babbar alamarta tana ƙarshen yatsa: kowane ɗaya yana ƙarewa da ɗan tsini wanda babu ƙwaya a jikinsa. Tuji ba ta da wannan tsini.

Ta huɗu ita ce kiri-kiri. Ita ma yatsunta sirara ne, shi ya sa na rikita ta da harƙiya. Amma ganyenta gajeru ne, yatsunta duk daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma tana shimfiɗa kamar tabarma, tana yaɗo a saman ƙasa da ƙarƙashinta. Sauran ukun da damina suke fitowa su mutu da rani, sai 'ya'yansu su tsiro baɗi. Kiri-kiri ba ta mutuwa, saiwarta na nan tana jiran ruwa.

A nan na tuna abin da aka koya mana a aji. Ganyen ciyawa kashi biyu ne, akwai kuben da ya naɗe kara, akwai kuma fallen da ya buɗe. In ka ja fallen baya a hankali, za ka ga wani ɗan abu a mahaɗarsu, kamar ƙaramin harshe. Na sa gilashi na nuna wa Auta. Na harƙiya fata ce siririya, fara, kamar ɓawon albasa. Na kiri-kiri kuwa layin 'yan gajerun gashi ne. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi duk yankan da yake yi bai taɓa ganin wannan ba. Na ji daɗi, ko ba komai na rama ɗaya.

Wata da na saka a jaka kuma Auta ya ce aya-aya ce. Na murza karanta tsakanin yatsuna, na ji yana da kusurwa uku kuma babu gaɓa. Karan ciyawa ta ainihi yana da gaɓoɓi, irin na karan dawa. Aya-aya danginta daban, dangin aya ce. Na cire ta daga lissafi.

Muna dawowa ta wata gona mai yashi muka tarar da burburwa. Kanta a warwatse yake, kowane ɗan ƙunshin ƙwaya yana rataye a siririn tsinke, ko yaya iska ta motsa sai ya yi ta rawa. Wanda ya raɗa mata suna a kimiyya ma abin da ya gani ke nan, ya ce Eragrostis tremula, wato mai karkarwa. Tef, hatsin da mutanen Habasha ke yin gurasarsu da shi, ɗan zuriyarta ne.

Rana ta biyu: dangin gero

Washegari Kawu ya ce in bi shi gonar gero. A hanya muka ratsa ta wani burtali, kafin mu fita ƙafar wandona ta cika da ƙarangiya. Na tsuguna ina cira, tana barin wandon tana kama yatsa. Kawu ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ɗan hakin da ka raina."

Na sa ƙwaya ɗaya a gilashi. Ƙayoyin a haɗe suke daga gindi, sun yi kamar ɗan ƙaramin faifai, kuma a jikin kowace ƙaya akwai wasu ƙananan ƙugiyoyi da suka juya baya. Shi ya sa shigarta ke da sauƙi, fitarta ke da wuya. Haka take bin gashin tumaki da tufafin mutane tana yaɗuwa.

A gefen burtalin kuma kyasuwa ce ta fara fitar da kai, lallausa kamar auduga, wani fari-fari, wani da ɗan ja mai duhu. Na tsinke kai ɗaya na wargaza shi. Ita ma kowane ƙunshin ƙwayarta yana kewaye da gashi, daidai wurin da ƙayar ƙarangiya take. Bambancin kawai nata gashin mai laushi ne kuma a rarrabe, na ƙarangiya ya taurare ya haɗe. Ku ɗauki zangarniyar gero ku ɓantari ƙwaya da gindinta, za ku ga 'yan gashin nan a kewaye da ita.

Wannan ba haɗuwar banza ba ce. Da can masana sun sa gero da kyasuwa a zuriyar Pennisetum, ƙarangiya kuma a zuriyar Cenchrus. A shekarar 2010, bayan nazarin ƙwayoyin halittarsu, wasu masana suka ba da shawarar a haɗe su duka a Cenchrus, kuma littattafai da yawa sun bi haka. Saboda haka in kun ga Pennisetum glaucum a wani littafi, kuka ga Cenchrus americanus a wani, duk gero ake nufi. Da na faɗa wa Kawu cewa gero da ƙarangiya 'yan gida ɗaya ne, sai ya ce, "Ba mamaki. Kowane gida akwai na kirki, akwai fitinanne."

Da dare kakata ta ƙara da nata. Ta ce a farin 1973, mutanen da suka gangaro daga arewa neman abinci sun ba su labarin yadda ake tara ƙarangiya, a sussuke ta, a fitar da 'yar tsabar da ke ciki a yi abinci. Gaskiya ne kuwa, a ƙasashen Sahel an daɗe ana cin tsabar ƙarangiya da ta guɗe-guɗe in hatsi ya yi wuya.

Kyasuwar ma ashe biyu ce. A bakin wani kududdufi na ga wata da ta fi tsayi, kanta ya fi siranta kuma ya fi tsawo, bai kai na ɗayar yawan auduga ba. Auta ya ce shi duk kyasuwa yake ce musu. Da gilashi na raba gardama. Mai audugar nan, in ka buɗe gashin, sau da yawa za ka ga 'ya'ya fiye da ɗaya, kuma akwai wanda yake tsaye a kan ɗan gajeren tsinke. Daga wannan tsinke ta samo sunanta, pedicellatum. Ɗayar kuwa, polystachion, ɗa guda ne a cikin gashin, a zaune ba tsinke.

Shibra

Babban darasin yana cikin gonar. Kawu yana zaɓen iri. Kafin a ɗaure damuna a kai rumbu, yakan bi zangarniyoyi ɗaya bayan ɗaya ya ware waɗanda za a shuka baɗi. A gefen gona ya nuna mini wani tsiro da na rantse gero ne. Ganye iri ɗaya, kara iri ɗaya. Sai dai kansa gajere ne, siriri, mai gashi, kuma rassansa sun fi yawa.

Ya ce, "Shibra ke nan. Taɓa ka gani."

Na ɗan shafa kan, sai 'ya'yan suka zubo a tafin hannuna, ƙanana, a lulluɓe cikin ƙaiƙayi.

Shibra tana tsakanin geron gida da kakansa na daji. Mutanen Afirka ta Yamma ne suka mayar da gero abin nomawa, kuma an tono shaidar haka a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, mai shekara kimanin 4,500. Babban abin da ya raba na gida da na daji shi ne, na daji yana zubar da 'ya'yansa da zarar sun nuna, na gida yana riƙe su har manomi ya zo ya girbe. Shibra halin na daji ta ɗauko. Kafin a yi girbi ta riga ta shuka kanta a gonar. Sannan gero iska ce ke ɗaukar bununinsa, wato garin furensa, daga wannan kai zuwa wancan, don haka shibra da gero suna barbara da juna. Manomin da bai iya zaɓen iri ba, shekara kaɗan sai ya ga shibra ta yi yawa, damunansa sun ragu. Masanan gero na duniya ma da wannan suna na Hausa suke kiranta a rubuce-rubucensu.

Na tambayi Kawu yadda yake gane ta tun tana ƙarama, kafin ta yi kai. Ya ce da wuya. Ya ce abin da ya fito a wajen ramin shuka dai cire shi ake yi lokacin noma, amma wadda ta fito cikin rami tare da gero sai ta yi kai asirinta ke tonuwa. Ya kuma ce bai kamata a zage ta gaba ɗaya ba, don tana riga gero nuna, kuma a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, akwai gidajen da ita ke riƙe su kafin sabon hatsi ya iso.

Daga nan ya ba ni tarin zangarniyoyi ya ce in taya shi warewa. Ni kuma da zafin sabon ilimi, duk wadda na ga gashi a jikinta sai in jefa ta gefe. Na tara kusan 20. Kawu ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗauki ɗaya, ya buga ta a tafin hannunsa har sau uku. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba.

Ya ce, "Wannan geron gargasa ne, ɗan nan. Da gangan nake ajiye irinsa, gashin ne ke hana tsuntsu sakewa ya ci. Dubi tsabar, manya ne, a fili suke, a manne. Da na bar ka, da ka zubar mini da mafi kyawun irin gonar nan."

Kunya ta kama ni. Na fahimci cewa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Gashi na gani na tsaya, ban duba girman tsaba ba, ban gwada ko tana zubewa ba. A aji kuskure irin wannan maki biyu zai ci mini. A nan abincin gida ne na shekara mai zuwa.

Rana ta uku: gamba da tsaure

A rana ta ƙarshe muka bi iyakar gonar Kawu ta gabas, inda gamba ta yi layi, ta fi ni tsawo. Ya ce mahaifinsu ne ya dasa ta. Gamba ba ta mutuwa da rani, gindinta na nan shekara da shekaru, shi ya sa ake shata iyaka da ita. In gardama ta tashi tsakanin maƙwabta, tushen gamba shaida ne. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, a yi shinge ko a kewaye rumbu, in ta yi toho kuma dabbobi su samu.

Ba ta yi kai ba tukuna, sai wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Don haka ganye muka duba. Ganyen gamba yana da farar jijiya a tsakiya, yana da laushin gashi, kuma yana tsukewa a wajen gindinsa har ya kusa zama jijiyar kaɗai. A gefen maƙabartar garin Kawu ya nuna mini wata doguwar ciyawa da na ɗauka ita ce. Ya ce in duba gindin ganyen. Maimakon ya tsuke, faɗi ya yi ya rungumi karan, kuma santsi gare shi. Ya ce in murza in shinshina. Wani ƙamshi mai ƙarfi ya bugi hancina. Tsaure ke nan, 'yar uwar ciyawar nan mai ƙamshin lemo da masu shayi ke sakawa. Gamba ba ta da wannan ƙamshi. A wani ɗan kwari mai laima kuma muka samu tofa, mai ganye a tsaye da kaifin baki, wadda tsinin saiwarta ke huda ƙafar wanda bai sa takalmi ba.

Gamba ta yi tafiyar da ta fi tawa nisa. Sunanta na kimiyya Andropogon gayanus, amma a ƙasashe da dama da sunanta na Hausa aka san ta. An kai ta Barazil da Kolombiya don kiwon shanu. An kai ta Ostareliya tun a shekarun 1930. A arewacin ƙasar, wajen birnin Darwin, ta samu fili ba mai yanka, ba mai saƙa zana, ta bazu cikin daji tana kai mita huɗu. In gobarar daji ta kama ta, zafin wutar har manyan itatuwa yake kashewa. A shekarar 2012 hukumomin ƙasar suka sa ta cikin jerin ciyayin da suka fi zama annoba. Da na ba Kawu labari ya riƙe baki, ya ce, "Su aiko mana ita mana!"

Ba wasa kawai yake yi ba. Ya nuna mini gonar da ke maƙwabtaka da tasa ta kudu. Magada sun sayar, an yanka ta fuloti, an kafa duwatsun siminti. Layin gambar da ke kan iyakarta an tumɓuke shi. Ya ce da, a garin nan ba a sayen zana, yanzu kuwa wani lokaci sai an je kasuwa. Ya ce yaran da za su tashi a gidajen da za a gina a wurin, da wuya su san bambancin gamba da tsaure, don ba za su gan su ba.

A shekarar 1916 wani likita ɗan ƙasar Sikotland mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har yau masu bincike na komawa gare shi. Daga bakin wa ya ji sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani, irin su Kawu. Masana sun ce ciyawa a duniya ta kai kusan iri 12,000, kuma gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rake duk a cikinsu suke. Ba wanda zai san su duka. Amma na bakin gonarku da na filin makarantarku ba su fi ƙarfinku ba.

In kuna son gwadawa

Lokacinsa shi ne daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ciyayi ke da kai. Ku sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji, kuma kada ku shiga gonar mutum sai da izininsa. Ku tuge ciyawar da saiwarta, kada ku tsinki ganye kawai. Ku fara duba kai: yatsu ne, ko dunƙule ne kamar na gero, ko a warwatse yake? Sai ku duba mahaɗar ganye da kara. Sai kara, a mulmule yake ko a baje? Sai saiwa, a dunƙule take ko tana yaɗo? Ku shafa, ku murza, ku shinshina. Kada ku yarda da alama ɗaya sai kun haɗa uku. Sannan ku kai wa wani dattijo ko mai kiwo ya faɗa muku sunanta da amfaninta, ku rubuta tare da kwanan wata da wurin da kuka samo ta. In suna ya saɓa tsakanin gari da gari, ku rubuta duka biyun. Daga nan ku shimfiɗa ta a tsakanin jaridu, ku danne da littattafai masu nauyi, kuna canja takardar kullum har ta bushe.

Ni dai na dawo Kano da iri 12, uku daga ciki ba su da kai, kuma malaminmu ba ya karɓar ciyawa sai da kanta. Dole in koma a watan Nuwamba. Auta ya yi alkawarin zai hana a yanke tushen gamba ɗaya har in zo, ya kuma ce akwai wasu iri huɗu a bayan makarantarsu da bai nuna mini ba. Sharaɗinsa guda ne, in bar masa gilashin. Na bar masa.